Yatsun Da Na Baro a Ɗakin Sanyi

Mutanen majalisarmu ta Mandawari, cikin birnin Kano, sun ce in daina ba da labarin nan da baki, wai duk ranar da na maimaita shi sai sanyin ya ƙaru. Mai shayinmu ya rantse cewa a karon farko majina na ce tana daskarewa a hancina, a karo na biyar kuma na ce atishawa na yi, ta faɗi ƙasa ta fashe kamar tangaran. To, ban musa ba, ina sa gishiri. Amma abin da ya sami yatsuna ba ya neman gishirin kowa, ga su nan, mai so ya zo ya taɓa. Biron ma da nake wannan rubutu da shi, dunƙule shi na yi a hannu kamar mai tuƙa tuwo da muciya.

Sunana Ɗanlami. Sana'ata ɗinkin hannu, aikin wuyan babbar riga, abin da na tashi na tarar ana yi a zauren mahaifina. Shekara talatin ina riƙe da allura. Ina iya zura zare ido a rufe, ina hira, ina tsokanar mai wucewa. Da injinan surfani suka cika gari, rigar da nake wata biyu a kanta suka koma fitar da irinta tsakanin azahar da la'asar, sai zauren namu ya zama wurin barcin rana. A nan na faɗa hannun wani Alhaji Tanko na Ƙofar Ruwa, wanda a gaban shago yake sayar da rodi da kwanon rufi, a bayan shago kuma yake fitar da mutane ƙasar waje.

"Brazil za ka," in ji shi. "Kaji suke yanka wa Larabawa, Musulmi suke nema. Aikinka Bisimilla kawai. Ga lada ga albashi. Shekara biyu ka dawo ka buɗe shagonka na aikin hannu, manya su riƙa yi maka layi."

Na ce, "Alhaji, ba sanyi dai ko?"

Ya ce, "Ƙasar da ake buga ƙwallo ba riga? Kai ma dai, Ɗanlami."

Ba zan gajiyar da ku da labarin jirgi ba. Zangon farko wani ƙaton birni ne da ban ga ƙarshensa ba, inda muka kwana uku mu tara a ɗaki guda, har da wani ɗan Sanigal mai minshari kamar injin markaɗe. Daga nan aka zuba mu a bas muka nausa kudu. Yini guda da wani abu muna tafiya, kuma duk garin da aka tsaya shan ruwa sai na ƙara riga. Kafin mu isa na sa duk abin da ke cikin jakata, har da zanen gadon da Inna, mahaifiyata, ta cusa mini da ƙarfi. Ashe a can kudancin ƙasar tasu, lokacin da muke damina su suke tsakiyar ɗari. Masu buga ƙwallo ba riga suna wani ɓangaren daban, karatun Alhaji Tanko bai kai nan ba.

A tashar ƙaramin garin da kamfanin yake, wani dattijo ya tare mu da Hausa tsantsa. Malam Habu ke nan, mutumin Kabara, unguwar da ke kusa da tamu, tsohon malamin firamare. Shekararsa shida a can, ya iya Fotugis, yaren ƙasar, har kamfani ya ɗauke shi tafinta. Da na ji "Sannunku da hanya" sai da idona ya kawo ruwa. Na miƙa masa hannu bibbiyu. Shi kuwa hannayensa suna cikin aljihun rigar sanyi, ya ɗan rusuna kawai. Na ce a raina, ka ji mutanen Kabara, ɗan muƙami kaɗan sai musabaha ta gagara.

Zango na biyu shi ne kamfanin kansa. Wurin yanka, inda ake Bisimillar, a cike yake, wasu sun riga mu. Ni ɗakin fiɗa aka tura ni, inda ake raba ƙirjin kaza da ƙashi. Na ce wa Malam Habu ya gaya musu ni Bisimilla aka ɗauko ni in yi.

Ya ce, "Ka yi ta a zuciyarka, ba mai hana ka."

Ɗakin fiɗa firji ne da aka sa wa fitila aka zuba mutane a ciki. Naman ake lallaɓawa kada ya lalace, mu kuwa ba mai fargabar mu lalace. Iska tana busowa daga wasu manyan bututu a sama, daidai ƙeyar mutum. Ƙasa kullum a jiƙe. Kajin daga cikin ruwan ƙanƙara suke fitowa, suna tafe a kan bel ɗin inji ba tsayawa, sai ka ce an yi musu kiran gaggawa. Hannun dama wuƙa, da safar roba siririya kamar ledar ƙulla gishiri. Hannun hagu safar ƙarfe mai sarƙa-sarƙa don kada ka yanke. Yanka kam tana karewa, amma duk sanyin da ke ɗakin ita take tattarowa ta damƙa maka. Ni da na yi shekara arba'in da shida ina kukan zafin Kano, ina zagin masu ɗauke wuta, a satin farko na nemi afuwar rana.

Mai kula da layinmu wani siriri ne da muka sa wa suna Agogo, don bai taɓa kallon fuskar mutum ba, sai tsintsiyar hannunsa. An ce a ƙa'ida akwai hutun da ake bayarwa a fita a ɗumama jiki. Akwai shi kam, na gan shi a rubuce a bango. Amma daga layi zuwa ɗakin ɗumi sai ka cire safa, ka wanke takalmi, ka bi wani dogon lungu. Kana isa, gindinka bai gama taɓa benci ba, Agogo ya leƙo. Ga kuma fitsari. Ba wanda ya gaya mini sanyi yana matse mutum haka. Da furfurarka za ka ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya, kana rawar ƙafa, kana jiran izini daga mutumin da ka girme wa ubansa.

Kusa da ni a layi akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar, sunanta Marta, muna ce mata Iya. Ta daɗe a ɗakin nan har yatsunta sun karkace kamar citta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Fotugis, amma hirar da muka yi da ita ban yi irinta da wasu 'yan uwana na jini ba. Ita ta saƙa mini safar ulu ta sawa a ƙarƙashin ta roba. Ita ta nuna mini in riƙa cusa hannu a hammata idan an fita hutu, ɗumi ya shiga a hankali. Na yi dariya na ce, "Iya, a garinmu mai ƙaiƙayi ke yin haka." Ba ta gane ba, ta taya ni dariya, sannan ta kama hannuna ta cusa da ƙarfi.

Mura ta kama ni a watan farko, ba ta sake ni ba sai a filin jirgin Kano. Tari ya biyo ta, kafaɗa da ƙugu suka ce su ma kada a bar su a baya. Abinci kullum shinkafa da wake, garau-garau ke nan ba mai ba yaji, kamar an yi maka alkawarin gida an fasa. Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya fara tsorata ni yatsu ne. Da rana tsaka sai in ga sun yi fari fat kamar kyandir, tun daga kai har gaɓa ta biyu. In an tashi aiki su koma shuɗi, sannan ja, sannan zugi ya taso kamar ana soka mini allura ɗari a lokaci guda. Ni kuwa na san allura, ba ƙiyasi nake yi ba.

Na tafi da allurata da zare da wani ƙyallen shadda. Kowace Lahadi bayan azahar nakan zauna bakin taga in yi ɗan aiki, don kada hannu ya manta, don kuma in na sunkuyar da kai a kan ƙyallen nan sai in ji kamar a zaure nake, mai fura tana wucewa, maƙwabcina yana faɗa da akuyarsa. Shagon da zan buɗe har na zaɓa masa suna. A wata na uku sai na gwada sau biyu kafin zare ya shiga. A wata na shida sai na yi ta fama har rana ta juya. A wata na tara allura ta zame daga hannuna ban sani ba, na ci gaba da kai hannu ina dawowa, ina ɗinki da iska.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne.

Duk ƙarshen wata ana jera mu a gaban wani tebur kusa da ɗakin canza kaya. Wata nas ce matashiya a zaune da tarin fom, Malam Habu a gefenta. Takan ɗago ta yi tambaya guda, shi kuma ya juyo.

"Ta ce ya jiki, ya hannu?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Ta ɗaga mini babban yatsa, in ɗaga mata nawa, ta ja biro, in sa hannu. Na gaba.

Wanda bai tashi a cikin ganuwa ba zai ce, to kai wa ya hana ka magana? Tarbiyya ce ta hana ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, saura awa biyu ya cika liman ya shigo ya ce, "Malam, ya jiki?" Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Da sauƙi." Mu a gidanmu tambayar farko gaisuwa ce. Sai mai tambaya ya nemi wuri ya zauna ya sake tambaya, a ce masa da sauƙi. Sai ya gyara riga, ya matso, ya rage murya ya ce ina ne, sannan ake faɗin inda ke ciwo. Wanda ya fara zayyana ciwonsa tun a tambayar farko, wannan mai raki ne, har 'ya'yansa sai an goranta musu a makarantar allo. Balle a gaban yarinya sa'ar 'yata, ga maza goma a bayana suna kasa kunne. Ni ba ɓoyewa nake yi ba, jira nake ta sake tambaya. Wata goma sha huɗu ina jiran yarinyar nan ta sake tambaya.

Gabanin azumi odar Larabawa ta yi yawa. Bel ya ƙara gudu, hutun ɗumi ya koma na bango kawai. Wato don wani ya sha ruwa da farfesun kaza a can, sai an soya ni a cikin ƙanƙara a nan. A ƙarshen layinmu akwai wata tukunyar ƙarfe ta tafasasshen ruwa da ake tsoma wuƙaƙe don kashe ƙwayoyin cuta. Wata Talata wuƙa ta faɗi daga hannuna sau uku kafin sha ɗaya, Agogo yana ta nuna mini tsintsiyar hannunsa. Na dubi tururin da ke tashi daga tukunyar nan, na tuna yadda Inna take dafa ruwa ta gasa mana jiki in sanyi ya shige mu. A wurinmu maganin sanyi zafi ne, ba wani dogon bincike. Na zare safa, na tsoma hannun dama.

Ban ji komai ba. Wallahi ko ɗumi ban ji ba, balle zafi. Ina tsaye ina cewa a raina, ashe har ruwan zafin nasu ma na ƙarya ne, sai Iya ta saki wata ƙara, ta fizgo ni har muka zube tare a kan tiren cinyoyi. Da na dubi hannun, fata ta tashi kamar ta kazar da za a fige.

Zango na uku asibitin garin ne. Likitan dattijo ne mai haƙuri. Bayan an ɗaure ƙunar, ya ce in kalli silin, ya yi ta tsikarar yatsuna da wani abu yana tambaya ko na ji. Ni kuwa ina jira ya fara. Ya yi dogon bayani, Malam Habu yana juya mini. Ƙuna za ta warke. Amma sanyi da riƙon wuƙa ba hutu sun lalata hanyoyin jini da jijiyoyin yatsu uku a dama, biyu a hagu. Da an fitar da ni daga ɗakin sanyi tun lokacin da farin ya fara, da an tsira da su. Yanzu kam sai abin da Allah ya yi.

"Ya ce tun yaushe kake jin haka?"

"Shekara guda da ɗoriya."

"Ya ce me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Gaya masa ba a tambaye ni ba."

Malam Habu ya sunkuyar da kai. Wannan bai fassara ta ba.

Zango na huɗu ofishin kamfani ne, a hawa na biyu. A nan na gano ashe kamfanin yana da ɗumi, a sama suke ajiye shi. Ga manaja ba ko rigar sanyi, ga wata lauya, ga Malam Habu a gefe, ga kofi yana tururi. Aka buɗe fayil, aka jera takardu goma sha huɗu a kan tebur kamar za a yi karta.

"Ta ce wannan sa hannunka ne?"

Nawa ne. Har ana iya ganin yadda yake karkacewa daga wata zuwa wata, na farko tsaf kamar zanen wuyan riga, na ƙarshe kamar kaza ta taka tawada. Su ba wannan suka gani ba. Abin da suka gani shi ne sau goma sha huɗu an tambaye ni, sau goma sha huɗu na ce lafiya. Ƙuna, in ji su, laifina ce, na karya dokar wurin aiki. Mutuwar yatsu kuwa kamfani bai san da ita ba, wataƙila daga ƙasarmu na zo da abata.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Daga Kano? Sanyi na ɗebo daga Kano na kawo muku? Malam Habu, gaya musu a garinmu da bazara ƙwai a aljihu yake dahuwa. Gaya musu ƙadangare takalmi yake nema. Gaya musu kajinsu sun fi mu gata, don su sau ɗaya ake yanka su."

Na yi magana ta kai minti goma. Malam Habu ya fassara ta a kalma huɗu. Aka sallame ni daga aiki, aka ce in shirya komawa gida. Wani mai gemu daga ƙungiyar ma'aikata ya duba takardun, ya dafe kai, ya ce za su gwada, amma sa hannuna ya ɗaure musu hannu.

A farfajiyar kamfani na tare Malam Habu, rana ta ɗan fito.

"Malam Habu, kai ɗan Kabara ne ko ba ɗan Kabara ba ne?"

"Ɗan Kabara ne."

"To ka san in Bakano ya ce lafiya lau bai ce komai ba tukuna."

"Abin da ka faɗa na faɗa, Ɗanlami. Tafinta ba ya ƙari."

"Tafinta ba ya ƙari, amma maƙwabci yana sake tambaya. Daga ƙofar gidanmu zuwa taku ko ruwa ba a sha a hanya. Kana kallo wuƙa tana faɗuwa daga hannuna, kana kallo ina ɗaga wa yarinyar nan mataccen yatsa."

Sai ya zaro hannayensa daga aljihu, karo na farko tun da na san shi. Yatsun sun lanƙwashe ciki kamar ƙafar kazar da aka soya, biyu ma ba su cika tsawo ba.

"Shekara uku na yi a layinka," in ji shi. "Ni ma lafiya lau na riƙa cewa. Da yatsun suka mutu aka ce ko in tafi gida ko in zauna a tebur. Aka kuma ce mini tambaya ɗaya ce a fom, in na ƙara tawa, masu jin Fotugis suna da yawa. 'Ya'yana bakwai a Kabara, Ɗanlami."

Na so in shaƙe shi. Amma da wane hannu? Shi ma in ya so ramawa, da wane hannu? Muka tsaya muna kallon juna, dattawa biyu daga cikin birni, ba mai iya ɓalle wa ɗan uwansa maɓalli.

Saura kwana biyu in tafi ranar tebur ta zagayo. Ba ni da sauran hurumin shiga, amma mai gadi ya saba da fuskata, na ɗaga masa bandeji ya bar ni. Masu jin Hausa a layin sun kai goma sha biyu, na Kano, na Nijar, na Gana. Na farko wani ƙato ne mutumin Damagaram, sunansa Sale, wanda yake ɗaukar kwandon kaji biyu a hannu ɗaya. Nas ta yi tambayarta, Malam Habu ya juya, Sale ya ce, "Lafiya lau."

Kafin biro ya sauka na jawo kujera na zauna a gabansa, na gyara riga.

"Sale, ya jikin dai?"

Ya dube ni, ya dubi na bayansa. "Da sauƙi, Baba Ɗanlami."

Na matso har gwiwarmu ta haɗu, na rage murya. "Ina ne?"

Ƙaton nan ya kafa ido a ƙasa. Can ya ce, "Buta ce, Baba. In zan yi alwala faɗuwa take daga hannuna. Yau wata huɗu. Da gwiwar hannu nake karkato ta."

Na juya na dubi Malam Habu. Duk layin ya dube shi. Sannan ya fitar da hannayen nan nasa, ya shimfiɗa su a kan tebur daidai gaban nas, ya fara Fotugis. Ban san me ya faɗa ba, amma ya fi kalma huɗu. Yarinyar nan, in faɗi gaskiya, ba muguwa ba ce, fom aka ba ta mai layi ɗaya. Ta dubi hannun Malam Habu, ta dubi bandejina, fuskarta ta canza. Ta nemi wurin rubutu a gaban takardar ta rasa, sai ta juya bayanta ta fara cikawa.

Mutum huɗu na samu na yi wa tambaya uku-uku kafin Agogo ya iso da masu gadi. Ɗaya ba ya jin tafin ƙafarsa, ɗaya yankan da ya yi tun bara bai rufe ba, ɗaya tari yake hana shi sujada. A majalisa nakan ce masu gadi takwas ne suka ɗauke ni, har na kayar da uku. Tunda rubutu ne, biyu ne, kuma ɗayan ma riƙe mini ƙofa ya yi.

Iya ta raka ni tashar bas da wata sabuwar safar ulu. Na yi ta nuna mata rana, ina fifita da hannu, wai in gaya mata Kano za ni. Ta cusa mini a aljihu. Ita ta fi ni gaskiya. Yau ko ruwan randa na taɓa sai yatsun su yi fari, in na shiga banki mai na'urar sanyi kuwa sai na sa safar Iya, yara suna nuna ni. Bayan na dawo Malam Habu ya turo mini saƙon murya. An mayar da Sale da wani mutum ɗaya sashen naɗe kwali, inda ba sanyi. Shi kuma an ɗauke shi daga tebur, an ba shi tsintsiya a farfajiya. Ya ce in gaida Kabara. Ban gama yafe masa ba, amma na je na gaishe su.

Tun a cikin jirgi na rantse ba zan sake ce wa kowa lafiya lau ba alhali ba lafiya. Alhaji Tanko ne ya fara ɗanɗanawa. Na same shi a Ƙofar Ruwa yana ciniki, ya washe baki ya ce, "A'a, mutanen Brazil, ya hanya, ya jiki?" Na jawo benci. Tun daga majina na fara masa, ban tsallake fitsari ba, na kwance masa yatsu ɗaya bayan ɗaya a gaban masu sayen rodi, har da wasu mutum biyu da suka zo da fasfo a hannu. Kafin in kai kan tukunyar ruwan zafi, masu fasfon sun tuna suna da wani uzuri. Yanzu in ya hango ni, bayan kwanon rufi yake shiga. A Mandawari ma an daina tambayata jiki, daga nesa ake ɗaga mini hannu. Zare da shadda nake sayarwa a zauren mahaifina, ina kallon ɗinkin wasu ina kushewa da baki.

Mutum ɗaya ce ta karya mini rantsuwa, kuma tun ranar da na sauka. Na shiga gida da la'asar, na tarar da Inna a kan tabarma a tsakar gida. Idonta ya yi rauni, da murya take gane mutane. Na durƙusa a gabanta, hannayena a cikin riga, yadda wani ɗan Kabara ya taɓa yi mini a tasha.

"Ɗanlami, an dawo? Ya hanya, ya jiki?"

"Lafiya lau, Inna."

Da kanta amsar ta fito, ban ma san na faɗa ba. Inna ta matsa gefe, ta buga tabarma da tafin hannu, na zauna.

"Ya jikin dai?"

"Da sauƙi."

Ta miƙo hannu ta laluba, ta zaro nawa daga cikin riga. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Ina kallon yatsunta a kan nawa, amma ban ji su ba. Ta matso, ta rage murya.

"Ina ne?"

Na ce, "Allura ce, Inna. Ba na jin ta."

Ba ta saki hannun ba. Ta ɗora shi a kan cinyarta, ta rufe shi da gefen mayafinta.

"To gyara zama," in ji ta. "Faro mini tun daga farko."